Darasi: Ƙarfin Hannu da Jifan Ƙwallon Kwando

A Tamale ƙwallon ƙafa ce ke da gari. Nan ne gidan Real Tamale United, ƙungiyar da Abedi Pele ya taka wa leda yana matashi, nan kuma aka haifi Mubarak Wakaso da Abdul Fatawu Issahaku. Babban filin wasan garin, wanda ke ɗauke da sunan marigayi Alhaji Aliu Mahama, saboda gasar cin kofin nahiyar Afirka ta 2008 aka gina shi. Ita kuwa ƙwallon kwando a gefe take, galibi a harabar makarantu, kan daɓen siminti, ba rumfa ba inuwa. Duk wanda ya fara zuwa irin waɗannan filaye ba zai daɗe ba sai ya tarar ana gardama ɗaya. Wani ya ce jifansa ba ya kaiwa saboda damtsensa bai cika ba, don haka ƙarfe zai koma ɗagawa. Wani ya ce a'a, ƙarfe sandarar da hannu yake yi, duk wanda ya kama shi ya yi sallama da jifa.

Wannan darasi na mai wasa ne, da mahaifin da ɗansa ko 'yarsa ke wasa, da malamin da aka ɗora wa horar da yara ba tare da an taɓa horar da shi ba. Za mu duba inda ƙarfin jifa ke tasowa, da rabon da hannu ke ɗauka a ciki, da irin atisayen da za a iya yi da abin da ke hannunmu.

Mu fara da awo

Zoben kwando yana tsayin mita 3.05 daga ƙasa. Haka yake tun Disamban 1891, lokacin da James Naismith ya ƙirƙiro wasan a garin Springfield na Amurka. Faɗin bakin zoben santimita 45 ne. Ƙwallon maza, mai lamba 7, faɗinta kimanin santimita 24, nauyinta kimanin gram 600, wato rabin kilo da ɗoriya. Ta mata, mai lamba 6, ta ɗan fi ƙanƙanta da rashin nauyi. Daga layin jifan kyauta, wanda ake ba ɗan wasa idan an yi masa laifi, zuwa tsakiyar zobe mita 4.2 ne. Layin maki uku kuma, a dokar hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, mita 6.75 ne tun 2010. Na gasar NBA ta Amurka ya kai mita 7.24.

Babu baligi mai lafiya da zai kasa wurga rabin kilo nisan mita 7. Kai ƙwallo wurin ba shi ne wahalar ba. Wahalar tana wajen aunawa, kuma lissafi zai nuna mana dalili.

Don jifan kyauta ya shiga, ƙwallo na barin hannu da gudun kimanin mita 7 a daƙiƙa. Daga layin maki uku tana buƙatar kimanin mita 8 da rabi. A ido bambancin kaɗan ne, amma ƙarfin da jiki ke zubawa a ƙwallon ya ƙaru da kusan rabi. Idan kuma gudun ya kauce da kashi 1 cikin 100 kacal daga layin maki uku, ƙwallon za ta sauka kimanin santimita 14 gaba ko baya da inda aka nufa. Sararin da ke tsakanin ƙwallo da ƙarfen zobe bai kai haka ba. Ashe ɗan wasa na neman ya maimaita motsi ɗaya, da gudu ɗaya, ba ragi ba ƙari, ga gajiya, ga wani a gabansa yana ɗaga masa hannu.

Akwai kuma maganar lanƙwasa. Ƙwallon da ta faɗo daga sama tsaye tana samun bakin zobe duka, santimita 45. Wadda ta shigo a karkace da digiri 45, ƙofar da take samu ta ragu zuwa kimanin santimita 32. Wadda ta zo a kwance da digiri 30 kuwa, ƙofarta santimita 22 da rabi ce, ba ta kai faɗin ƙwallon kanta ba, dole ta daki ƙarfe. Shi ya sa jifan da ya miƙe ba tashi sama ke yawan dawowa. A 2008 malamai biyu na jami'ar jihar North Carolina, Chau Tran da Larry Silverberg, suka wallafa binciken da suka yi da kwamfuta kan jifan kyauta. Abin da suka samu shi ne, ga dogon ɗan wasa, ya fi dacewa ƙwallo ta tashi da digiri 52, tana juyawa baya kamar sau 3 a daƙiƙa. Tayar da ƙwallo sama haka daga nesa yana cin ƙarfi, kuma mai ƙarancin ƙarfi abin da yake fara sadaukarwa ke nan ba tare da ya sani ba.

Daga ƙasa jifa ke tasowa

Ku tsaya ku kalli gwanin jifa, ku ɗauke ido daga hannunsa ku mai da kan gwiwarsa. Zai ɗan rusuna, ya taka ƙasa da ƙarfi, idon sawu ya miƙe, gwiwa ta miƙe, ƙugu ya biyo, sannan kafaɗa ta ɗaga, gwiwar hannu ta buɗe, daga ƙarshe wuyan hannu ya karye gaba, ƙwallon ta zame daga kan manuniya da ɗan yatsan tsakiya. Kowace gaɓa tana karɓar gudu daga ta ƙasa da ita ta ƙara nata ta miƙa. Duk macen da ta iya dakan sakwara ta san wannan a jikinta: wadda ke ɗaga taɓarya da damtse kaɗai ba ta gama turmi ɗaya ba ta sare, gwanar kuwa da gwiwa da ƙugu da gadon baya take aiki, hannu saiti kawai yake yi.

Tsokar cinya da ta ɗuwawu su ne manyan tsokokin jiki. Idan suka ɗauki nauyin tura ƙwallo, hannu ya samu sukunin yin aikin da ba mai yi sai shi, wato saiti da juya ƙwallo. A nan matasan Tamale suna da jari wanda ba su cika lura da shi ba. Gari ne na keke, maza da mata suna tuƙawa tun suna ƙanana, ga tamaula a kowane lungu daga Zogbeli zuwa Lamashegu. Ƙafafun suna nan. Abin da ya rage shi ne a koya musu haɗa ƙafar da hannu cikin motsi ɗaya, kada ƙwallo ta tsaya a saman kai har gudun da ƙafa ta bayar ya mutu.

To, mene ne rabon hannu? Tsokoki uku ne a gaba. Ta kafaɗa tana ɗaga hannu ta riƙe shi a sama. Ta bayan damtse ita ke miƙe gwiwar hannu, kuma ita ce babbar mai aiki a hannun mai jifa. Sai tsokokin sangalin hannu, masu karya wuyan hannu da sarrafa yatsu. Ƙwanjin gaba, wanda samari suka fi so su kumbura su nuna a riga mai matse hannu, aikinsa lanƙwasa hannu ne, jifa kuwa miƙewa ne. Rabonsa a jifa ƙanƙane ne ƙwarai. Ina ganin rabin ɓata lokacin da ake yi a wuraren ɗaga ƙarfe na unguwa daga nan yake.

Amfanin ƙarfi: rara

Jikin ɗan Adam yana iya auna motsi daidai idan ɗan kaɗan daga ƙarfinsa yake amfani da shi. Da zarar aiki ya kusa cinye iyakar ƙarfin mutum, awo sai ya fara rawa: wannan jifa ya wuce, na gaba ya gaza. Mu ɗauki mutum biyu a layin maki uku. Na farko sai ya tattara duk abin da yake da shi kafin ƙwallo ta kai. Na biyu yana kai ta da sauran ƙarfi a ajiye. Ko da idonsu ɗaya, saitinsu ɗaya, na biyu zai fi maimaita jifa iri ɗaya. Wannan rarar ita ce abin da atisayen ƙarfi ke saya wa mai jifa.

Ana gane wanda ba shi da ita. Yana sauko da ƙwallo ƙirji ko ƙugu don ya samu zango. Gwiwar hannunsa na buɗewa gefe. Hannun da ya kamata ya tallafi ƙwallo kawai sai ya shiga turawa, babban yatsansa ya karkatar da ita. Yana faɗawa gaba, ya dira nesa da inda ya tashi. Kowane ɗayan waɗannan dabara ce da jiki ya ƙirƙiro don cike giɓin ƙarfi, kuma kowanne na ɓata saiti.

Rarar tana sake bayyana a ƙarshen wasa. A dokar FIBA zango huɗu ake yi, kowanne minti 10. Idan aka shiga zango na huɗu, za ku ga jifa na yawan dukan gaban zobe. Galibi ƙafa ce ta gaji ta daina bayar da rabonta, nauyin ya koma kan kafaɗa da damtse. Mai ƙarfin hannu zai iya cike wani ɓangare na giɓin ba tare da siffar jifansa ta rushe ba. Haka nan a ƙarƙashin kwando, inda ake jifa ana gogayya da bangaza, mai ƙarfin kafaɗa da riƙo shi ke iya ƙarasa jifansa bayan an taɓa shi.

Inda ƙarfin hannu ya zama kusan komai shi ne wasan masu keken guragu. Tsayin zobensu ɗaya da na kowa, mita 3.05, ga shi a zaune suke jifa, ba taimakon ƙafa. A wurinsu kafaɗa da damtse da tsokar ciki da ta baya su ke yanke nisan da mutum zai iya jifa daga gare shi.

Amma rara tana da iyaka. Idan mutum ya riga ya kai inda jifan nesa ba ya wahalar da shi, ƙarin ƙarfi ba ya ƙara masa shiga. Tarihin NBA ya isa shaida. Shaquille O'Neal, wanda ƙarfinsa ya sa ya taɓa karya abin da ke riƙe da allon kwando, jifan kyauta 53 cikin 100 kawai yake ci a tsawon wasansa. Stephen Curry, mai tsayin mita 1.88 da jiki madaidaici, yana cin kimanin 91, shi ne kuma ya ci jifan maki uku 402 a kakar 2015 zuwa 2016. Elena Delle Donne, a gasar mata ta WNBA, ta haura 93. A gwajin da aka yi wa sababbin 'yan wasa a 2007, Kevin Durant ya kasa ɗaga ƙarfe mai kilo 84 daga ƙirji ko sau ɗaya, aka yi ta surutu a kai, ya zo ya zama ɗaya daga cikin gwanayen jifa na zamaninsa.

Masu cewa ƙarfe na lalata jifa su ma ga tasu amsar. Karl Malone ya shahara da ɗaga ƙarfe da murɗaɗɗen jiki. A shekararsa ta farko jifan kyauta 48 cikin 100 ya ci, ya yi ta aiki a kai har ya gama wasansa da 74, bai kuma ajiye ƙarfen ba. Michael Jordan ya rungumi atisayen ƙarfi tare da mai horarwa Tim Grover bayan wahalar da 'yan Detroit Pistons suka ba shi, ya ɗauki kofinsa na farko a 1991. Abin da ke faruwa da gaske shi ne, bayan an ɗaga nauyi tsoka na gajiya, hannu ya yi dauri, jifa ya kauce na ɗan lokaci. Wanda ya ɗaga ƙarfe wata uku bai taɓa ƙwallo ba, shi ma zai dawo ya tarar awonsa ya canza. Maganin duka biyun ɗaya ne, kada a bar jifa a lokacin da ake gina ƙarfi.

Yara

Nan ne na fi damuwa. Yaro ɗan shekara goma ya zo fili, ƙwallo ɗaya ce, ta manya, zobe ɗaya ne, na manya. Ya ga yayyensa na jifa daga layin maki uku, shi ma ya ja baya. Ba shi da ƙarfin kai ta, sai ya ɗebo ta daga ƙugu da hannu biyu ya wurga. Wata rana ta shiga, aka yi masa tafi, shi ke nan siffar ta zauna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan kuwa an tanƙwara shi ta inda ba a so. Curry kansa daga ƙasa yake ɗebo jifa yana yaro saboda ƙanƙantar jiki, sai da mahaifinsa Dell Curry ya sa shi ya rushe jifan ya sake gini a wani hutun makaranta lokacin yana sakandare. Ba kowane yaro ke da uban da ya buga NBA ba.

An tanadi ƙwallo mai lamba 5 don yara, kuma a wasan ƙanana ana sauko da zobe zuwa mita 2.60. Makarantar da za ta iya sayen ƙwallo biyu, ɗaya ta zama ta yara. Maƙeri ko mai walda zai iya haɗa zobe a kafa a jikin bango daidai wannan tsayi. Inda babu ko ɗaya, doka ɗaya ta wadatar: yaro ba ya ja baya sai ya iya jifa daga inda yake da siffa mai kyau. 'Yan mata masu tasowa su yi amfani da lamba 6, ita ce tasu, kada a ce sai sun saba da ta maza. Atisayen ƙarfi da nauyin jiki ba ya hana yaro tsawo, muddin akwai babba a wurin kuma ba a ɗora masa nauyin da ya fi shi.

Atisaye da abin da muke da shi

Sau biyu ko uku a mako ya isa, a bar kwana ɗaya aƙalla tsakani, domin a lokacin hutu tsoka ke ginuwa. Kowane motsi a yi shi sau 8 zuwa 12, a huta, a maimaita zagaye biyu ko uku. Idan 12 ta zama wasa, a ƙara nauyi kaɗan.

Don bayan damtse da ƙirji, a kifa a dafa ƙasa, hannaye daidai faɗin kafaɗa, gwiwar hannu na bin haƙarƙari, a sauka a tura. Wanda bai iya ba ya fara da dafa benci ko bango. Don kafaɗa, a ɗaga nauyi sama da kai a tsaye, ciki a ɗaure, kada baya ya lanƙwashe. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka jarkar nan mai ruwan ɗorawa da ake kira galan ɗin Kufuor ma'auni ce da kanta: a zuba lita 5, bayan makonni a kai 7. Ta fi mini ƙarfen siminti da ake zubawa a gwangwani, wanda sau da yawa gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi. A haɗa da jan jiki sama a sandar ƙarfe ko reshe mai ƙwari, don baya ya yi daidai da gaba.

Akwai ƙananan tsokoki huɗu da ke riƙe ƙashin damtse a gurbinsa na kafaɗa. Ba a ganinsu, ba a yabon kowa a kansu, amma su ke fara ciwo ga mai yawan ɗaga hannu. Tsohuwar robar cikin tayar keke, wadda kowane mai faci ke da ita, ta ishe su. A ɗaura ta a ƙofa daidai ƙugu, a manne gwiwar hannu da jiki, a ja robar waje a hankali sau 15. Don wuyan hannu da yatsu, a kwanta rigingine a riƙa cilla ƙwallo sama da hannu ɗaya, tana juyawa baya, tana dawowa kan hannun da ta bari. Ƙafa kuma kada a manta da ita: tsuguno da tashi, da dogon taku ana rusunawa. Tsalle-tsalle masu yawa a yi su a kan ƙasa ko ciyawa, siminti na cin gwiwa.

A fara da jifa, ƙarfe ya biyo baya. Bayan an gama, a koma kusa da kwando a yi jifa kaɗan marasa wahala, hannu ya tuna awonsa. A makonnin farko mutum zai ji ƙarfi ya ƙaru alhali damtse bai canza ba. Jijiyoyi ne suka koyi tayar da tsoka da kyau, girman tsokar sai bayan wata ɗaya da rabi ko biyu yake fara nunawa. Kada gaggawa ta kai kowa ga ƙwaya. Tramadol, wanda ya addabi matasa da yawa a arewacin Ghana, ba ya ƙara ko gram ɗaya na tsoka. Ɓoye ciwo yake yi, mutum ya ci gaba da aiki a kan rauni, sannan ya kama shi ya ƙi saki. Abin gina tsoka yana kasuwar Aboabo: wake, gyaɗa da ƙuli-ƙuli, waken soya, ƙwan zabi, kifi, nono da wagashi. A ƙara da barci isasshe.

Yanayin garinmu ma yana da hukunci. A Maris da Afrilu zafi na kaiwa digiri 40, atisaye sai da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, da ruwa a kusa. Da hunturu ƙura na sa ƙwallo santsi, fatar yatsu na tsagewa. A goge ƙwallo da ɗanyen tsumma, a shafa man kaɗanya da dare, ba dab da wasa ba. Ranar da iska ke kaɗawa, kada a yanke wa jifan nesa hukunci. Da azumi a rage nauyi, a mai da aikin ƙarfi bayan buɗa-baki. Ciwon tsoka na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne, amma zafi mai suka a cikin kafaɗa ko gwiwar hannu alamar a dakata ce a ga ma'aikacin lafiya.

Aiki

1. Da bakinka, ka bayyana wa na kusa da kai dalilin da ya sa jifan da bai tashi sama ba ke yawan dukan ƙarfe. Ka yi amfani da lambobin 45 da 24.

2. Wace tsoka ce ke miƙe gwiwar hannu? Ka dafa ta da ɗaya hannun, ka tura bango, ka ji yadda take ɗaurewa.

3. Ku je fili biyu-biyu da alli da littafi. A ja layi a mita 2 daga ƙarƙashin zobe, sannan 3, 4, 5, 6. Ɗaya ya yi jifa 10 a kowane layi, ɗayan ya rubuta nawa suka shiga, ya kuma sa alama a layin da ya fara ganin ƙwallo ta sauko ƙirji, ko gwiwar hannu ta buɗe, ko mai jifa ya faɗa gaba. Wannan layin shi ne iyakar ƙarfinka a yau, atisayen jifanka ya tsaya taku ɗaya kafin shi.

4. A maimaita jifa 10 daga mita 3 a zaune kan kujera, a kwatanta da na tsaye. Me ya canza a kafaɗa da damtse?

5. Bayan mako 8 ana atisayen da aka bayyana, a sake aiki na 3 a fili ɗaya, da ƙwallo ɗaya, a lokaci ɗaya na yini, a kawo littafin aji.